Kogin Sama da Dawar da Na Sha a Kunu

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina hura balan-balan ana biyana albashi. In na faɗa wa jikokina haka sai su kwashe da dariya, su ce Kaka ya fara. Wallahi ba ƙarya ba ce. Lebura ne ni a wani ofishin masu duba yanayi, can wajen hanyar filin jirgi, kuma babban aikina shi ne kullum da safe in buɗe silinda in ɗura wa wani farin balan-balan gas har ya kai girman buhun auduga, in ɗaura masa ɗan akwati a ƙasa, in fito da shi fili yana fizgata kamar akuya mai gardama. Sai in tsaya in jira Oga ya ɗaga hannu. In ya ɗaga, in saki. Iyakar ilimin da aikin ke nema ke nan, kuma daidai da ni yake, don aji uku na yi a firamare aka sallame ni saboda wani ƙadangare da aka samu a aljihun malamin lissafi. Har yau ban amsa laifin ba.

Ɗan akwatin nan shi ke aiko wa su Oga labari daga sama, su zauna a ɗaki mai sanyi suna karantawa a na'ura. Ni kuwa in na saki ba na komawa ciki. Sai in ɗaga kai in bi shi da ido har wuyana ya ƙage. Da haka na lura da wani abu. Da damina, in ya bar hannuna, arewa maso gabas yake nufa, don iskar da ke kaɗa mana riga a ƙasa daga wajen teku take zuwa. Yana tafiya yana ƙanƙancewa, ya koma kamar ƙwai, ya koma kamar ƙwayar gero. To a nan sai ya yi kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a kan wuta: ya tsaya, ya juya, ya miƙe yamma da sauri. Alhali ganyen mangwaron da nake tsaye a gindinsa bai sauya inda yake kaɗawa ba.

Oga Bayarabe ne. Ya yi aiki a arewa da ƙuruciya, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Wata rana na tare shi a bakin ƙofa.

"Oga, wa ke juya shi?"

"Wa ke juya wa, Baba?"

"Ɗan nawa, balan-balan. In ya hau sama sai ya fasa tafiyar da ya fara."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ashe kana kallo. Akwai kogi a can, Baba. Kogin iska. Ba shi da ruwa, ba shi da gaɓa, amma yana gudu ya fi motar da ke kawo ku aiki."

Ya ce sunansa jet sitirim. Na gwada sau uku bakina ya ƙi, na ce ni dai kogin sama zan ce. Ya tsuguna ya zana mini da tsinke a ƙasa. Nan hamada, ta yi zafi kamar tanda. Nan teku, da sanyinta. Tsakanin zafin da sanyin iska ba ta samun wurin zama, sai ta kama hanya ɗaya daga gabas zuwa yamma. In damina ta matso, kogin yakan gusa arewa. In ta ƙare ya ja baya. Kuma ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake kamar maciji, a cikin lanƙwasar nan ake haifar hadari. Shi ya sa duk Bahaushe ya san gabas ake duba hadari, ko da iska ta fi zuwa daga kudu. Ya ce wasu daga cikin hadarurrukan nan in sun wuce mu ba sa tsayawa, su faɗa teku, su yi ƙiba a hanya, su je su kwashe rufin gidaje a Amurka.

Na ce, "Wato hadarin da ya jiƙa mini wanki a unguwarmu Kurudu shi ne ake nunawa a talabijin?"

"Wani lokaci, ɗan'uwansa."

Ran nan na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya sauke karatu. Wannan ɗan ilimin, wanda bai cika cokali ba, shi ya ja mini abin da nake ɗauke da shi har yau.

Da farko a Garki nake, a ɗan ɗakin bayan gidan wani ma'aikaci. Da iyali suka yi yawa na koma Kurudu, lokacin gari bai kai can sosai ba, gonaki sun fi gidaje. Maƙwabcina Bagwari ne. Su suna ce wa kansu Gbagyi, ni bakina ya kasa, shi kuma ya ce in daina wahalar da kaina. Ya girme ni da kaɗan. Ina ce masa Sarkin Noma, yana ce mini Malam Balan-balan. In na dawo aiki ya hango ni daga gona sai ya ɗaga murya: "Yau ma ka saki? Kai, wannan mutum, kullum haihuwa kullum ɗa ya gudu!" Ni kuma in ce gara ni, nawa sama suke zuwa, shi nasa duk a ƙasa yake binnewa. Haka muke, ba ranar da ba mu taɓa juna.

Ba asalin Kurudu ba ne. Ƙauyensu yana inda yanzu titi da ofisoshi suke, wajen Garki. Da aka tashe su, abin da ya ɗauko daga rumbun ubansa shi ne irin wata dawa. Ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba. Wuyanta lanƙwashe yake kamar kan sandar tsoho, zangarniyar tana kallon ƙasa, tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kanta. Ƙwayar fara ce cikin baƙar riga. Tuwonta in ya kwana ba ya tauri, kuma yana da wani ƙamshi kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. 'Yan'uwansa da suka watse duk sun koma masara da irin da ake sayarwa a leda. Shi kaɗai ya rage da ita. Yakan ce in yana cin tuwonta yana jin muryar ubansa yana faɗa.

Yana da ƙa'idarsa ta shuka, kuma a wurin ubansa ya gaje ta. Ba ya taɓa iri sai ruwa ya sauka sau uku. Bayan na ukun sai ya tona ƙasa da hannu. In damshi bai kai gwiwar hannunsa ba, ya koma gida. Sannan ba ya fitar da iri duka. Rabi na ƙasa, rabi na tukunya. Na tukunyar matarsa ke riƙe da shi, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da yumɓu, ba a fasawa sai an ga ta gona ta fitar da kai. Mama muke ce mata. 'Yar gajeriya ce, mai ɗaukar kaya a kafaɗa yadda matansu suke yi, ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi sai ka nemi wurin zama.

Wata kaka ya kawo mini zangarniya shida a ɗaure da igiyar rama. Ya ce, "Malam Balan-balan, ka rataye wannan inda hayaƙi yake. Baɗi ka shuka bayan gida, ka zama mutum." Na yi godiya na rataye. Azumi ya zo, wata rana na dawo a galabaice, idona ya sauka a kansu. Na ce wa maiɗakina ta sauke ta yi mana kunu. Ta ce, "Ba iri ne aka ba ka ba?" Na ce ai mai rumbu yana nan kusa, in lokaci ya yi na karɓo wani. Kwana uku muna shan ruwa da shi. Kunu ne da ban taɓa shan kamarsa ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce turaku suka fara tsirowa a Kurudu fiye da shuka. Ka kwanta da gona ka tashi ka ga an kafa siminti a kusurwoyinta. Gonar Sarkin Noma ta dangi ce, cikin dangin kuma akwai masu son a yanka. Maganar da ke yawo ita ce, duk inda aka bari ba shuka shi ake fara aunawa. Yana son ya cika gonar kaf da dawa, daga bakin rafi har gindin ɗorawa, kowa ya ga tana da mai ita. Amma rabin irinsa ba zai cika ta ba.

Ruwan farko ya sauka da wuri, mai ƙarfi, har kwata ta cika. Kwana biyu a jere na saki balan-balan na ga ya juya yamma da ƙarfin da ban saba gani ba a wannan lokacin. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni da na san kogi? Ranar Asabar da la'asar na same su a gindin ɗorawa, Sarkin Noma yana gyara ƙotar fartanya, Mama tana ɓare gyaɗa.

"Malam Balan-balan, yaya ɗanka ya ce?"

"Ya ce kogi ya iso."

"Wane kogi kuma?"

Na gyara zama. Na ɗauki tsinke, na zana masa hamada, na zana masa teku, har Amurka sai da na kai shi. Na ƙara gishiri inda Oga bai sa ba. Na ce in kogin nan ya iso kanmu da irin wannan ƙarfi, damina ta zauna ke nan, ba ta komawa. Na ce bana wanda ya riga shuka shi zai yi dariya.

Mama ba ta ɗago ba ta ce, "Ruwa ɗaya ne ya sauka, Malam. Gara mai fiffike ma bai fito ba."

Na ce, "Mama, ke gara kike jira ta gaya miki. Mu da na'urar da aka kawo a jirgi muke aiki. Gara ta taɓa hawa sama ta ga abin da ke can?"

Sarkin Noma ya tashi, ya shiga gona taku goma, ya tsuguna ya tona. Ya zaro hannu ya nuna mini. Damshin ya wuce wuyan hannu kaɗan, nan ya tsaya.

"Bai kai ba," in ji shi.

"Hannunka ne ya yi tsawo. In da nawa ne da ya kai har hammata."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da dariyar ta lafa sai ya dubi gonar, ya dubi turakun da ke can gefe, ya dube ni. Ya ce, "Da gaske kake? Ogan naku ya faɗa?"

A nan ne. In da akwai inda mutum zai koma ya gyara maganarsa, nan zan koma. Ban ce e ba. Cewa na yi, "Shekara nawa ina wannan aiki?" Ka ga ai ban yi ƙarya ba. Da wannan nake lallashin kaina shekara da shekaru, bai kuwa taɓa lallasuwa ba.

Ranar Litinin aka ƙara yayyafi. Talata da sassafe na ji ƙarar fasa yumɓu ta bayan katanga, na ji muryar Mama tana magana da yarensu, a hankali, doguwa. Ban san me ta ce ba. Na nemi hutun kwana ɗaya na je taya su. Ni na riƙe sungumi ina sara, shi yana zuba iri yana takewa, ina ta zuba masa surutu. Mama ta kawo tukunyar a kafaɗa, ta ajiye a bakin gona, ta juya ba ta ce mini ko sannu ba. Kafin azahar tukunya ta koma wayam, sai toka a gindinta.

Ta tsiro. Kai, ta tsiro da kyau. Layi-layi, kore shar, daga rafi har ɗorawa. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Na riƙa tafiya a unguwa ina ɗaga kafaɗa, har wasu suka fara tare ni suna tambaya ko su ma su shuka masara.

Daga nan sama ta rufe bakinta.

Mako ɗaya na ce hutu take. Mako biyu na ce gobe. Kusan kullum da yamma gabas takan haɗe, ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe ledoji ta rataya a waya, a ji tsawa can nesa, sai komai ya watse a bar mu da zafi. Ƙasar wajen tsakuwa ce, ba ta riƙe ruwa. Ganyen ya fara naɗewa kamar taba sigari. Da safe ya ɗan buɗe, kafin hantsi ya sake naɗewa. Daga baya ya daina buɗewa. Sarkin Noma da Mama suka riƙa ɗebo ruwa a abin da ya rage na rafi, da bokiti da ƙwarya, suna bin layi. Gonar da sai ka yi kira da ƙarfi na wancan gefe ya ji ka, me ƙwarya za ta yi mata? Na fara canza hanya in na dawo aiki, ina zagayawa ta bayan makaranta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kullum na saki ɗana sai ya juya yamma kamar yadda ya saba, da ƙarfinsa. Kogi yana nan, ruwa babu. A mako na uku na kasa haƙuri na sami Oga.

"Oga, kogi ya iso tun tuni. Ina ruwan?"

"Wa ya ce maka in ya iso shi ke nan?"

Na ce ai haka na ɗauka.

Ya ce, "Baba, ba ɗaya ba ne. Wanda kake gani da ido na ƙasa ne. Akwai wani can samansa, inda balan-balan ɗinka ya riga ya ɓace maka. Shi daga wajen Indiya yake tasowa. In yana da ƙarfi yakan taimaki hadari ya miƙe tsaye ya zubar. Bana ba shi da kuzari. Akwai wata teku a bayan duniya da ruwanta ya ɗumama, in ta yi haka takan rage masa ƙarfi. Na ƙasan kuma da ka ga ya yi ƙarfi ya tsaya a kanmu bai gusa ba, ba kullum ne alheri ba. Sau da yawa a shekarar ƙarancin ruwa haka yake yi. Mu ma da na'urorin, cewa muke mai yiwuwa."

"Me ya sa ba ka gaya mini akwai na biyu ba?"

"Ka tambaya?" Ya cire tabarau. "Baba, ba dai ka je ka faɗa wa wani wani abu ba?"

Na ce a'a, ni wa zan faɗa wa.

Ruwan gaske bai dawo ba sai bayan an fi wata. Lokacin gonar ta koma launin tabarma. Washegarin ruwan, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida na ga Sarkin Noma yana tahowa. Ya rame. Ya zauna a kan benci, muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, yana ɗan murmushi kamar mai jin kunyar roƙo:

"Malam, wannan guda shida da na ba ka bara. Ka ara mini. In ya yi, na mayar maka dami."

Maiɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe. Na ji rariyar ta tsaya.

Ni da bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba, na nemi ƙarya ko ɗaya na rasa. Ɓera, gara, ɓarawo, duk sun zo mini a rai, na kasa ɗaukar ko ɗaya. Na ce, "Na sha su a kunu. Da azumi."

Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "Ya yi daɗi?"

"Ya yi."

"To. Madalla. Haka yake, yana da daɗi."

Ya tashi ya kakkaɓe wando ya tafi. Bai zage ni ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga fartanya ya bi ni, da yanzu na manta. Ya sayo iri a kasuwa ya sake shuka, ya samu abin da ya samu. Da kaka na gan shi yana bin gonar kara bayan kara yana ɗaga kai, ko guda ta tsira. Babu mai lanƙwasasshen wuya ko ɗaya. Ya je wurin dangi har wajen Bwari da Kuje. Kowa ya ce ai tuni.

Mun ci gaba da gaisawa. Da Kirsimeti Mama tana aiko da shinkafa, da Sallah muna aika nama. Abu ɗaya ne ya sauya: bai ƙara ce mini Malam Balan-balan ba. Malam kawai, da ladabi, kamar yadda ake ce wa baƙo. Na yi ta tsokanarsa ko zai rama, sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam." Shekara huɗu muna haka, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Na tsaya a bayan mutane wajen binne shi, suna waƙoƙinsu. Ba ni na kashe shi ba, na sani, likita ma ya faɗi sunan ciwon. Amma tun daga ranar in na ɗaga kai ina bin balan-balan sai in ji kamar akwai wani tsaye a bayana yana jira in gaya masa me ɗana ya ce.

Na yi ritaya. Gonar an yanka ta, yanzu gidaje ne da shagon caji da wurin wankin mota. Ɗorawar ma an sare. Duk kasuwar da na shiga sai na leƙa buhunan dawa, na tambayi Fulanin da ke bin karan gonaki da shanu ko sun taɓa ganin mai kallon ƙasa. Wani dattijonsu ya ce ya san ta, da can, amma ya daɗe bai gani ba. Wani lokaci ina zaune sai in kama lissafin balan-balan nawa na saki a rayuwata, in rasa iyaka. Oga ya ce in sun kai ƙarshe fashewa suke yi su faɗo. Ban taɓa ganin ko ɗaya ya faɗo ba. Suna can dai a dazukan mutane, yamma da mu, inda kogi ya yar da su.

Ruwan ma yanzu ba irin wanda muka sani ba ne. Sai ya ƙi zuwa, in ya tashi zuwa kuma ya zo kamar mai ramuwa. Jikata da ke jami'a ta ce duniya ce ke ɗumama, kogunan nan na sama suna sauya hali, masana ma ba su gama gane inda za su nufa ba. Na ce mata ta riƙe wannan kalmar ta ƙarshe da kyau.

Ƙarshen daminar bara aka yi wani hadari da la'asar, daga gabas, wanda ya ɗaga kwanon masallacinmu ya ajiye a gidan fasto. Ya kuma kayar da wata doguwar katanga a bayan unguwa. Filin da ke cikinta tun kafin shekarar da dawar ta ƙone aka sayar da shi, mai shi ya zagaye ya sa ƙofar ƙarfe ya tafi ƙasar waje, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A ciki akwai wani faffaɗan dutse, wanda a da a kansa su Mama suke sussuka.

Ba hikima ce ta kai ni ba. Fitsari ne. Tsufa ya sa ba na iya kaiwa gida daga masallaci in ya matsa. Bayan 'yan makonni da faɗuwar katangar na tsallaka ta inda ta rushe, na zaga bayan dutsen na tsuguna. Ina ɗaga kai na gan su. A cikin tsagar dutse, tsakanin ciyawa, kara bakwai, sirara, ba su kai kafaɗata ba. Kowanne ya sunkuyar da kai yana kallona.

Gyauro ne. Abin da ya zube wajen sussuka tun wancan zamani, yana tsirowa yana zubewa yana sake tsirowa, ba saniya ba akuya, ba wani mai ilimi da zai ba shi shawara. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Na tuna dai na ce, "Sarkin Noma," da ƙarfi, kamar zai amsa daga bakin rafi.

Na jira suka bushe, ina zuwa gadi kullum kamar mai jinya. Na yanke, na naɗe a hula, na hau Keke zuwa Karu, inda Mama take wurin 'yarta. Ta tsufa ƙwarai, idon ya tafi. Na gaishe ta, ta gane muryar.

"Malam ne? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama. Abu na kawo ki duba mini."

Na sa mata zangarniya ɗaya a hannu. Ta bi wuyan da yatsa har inda ya lanƙwasa, ta tsaya. Ta murje kaɗan a tafi, ta hure, ta shinshina. Ta jefa ƙwaya biyu a baki ta kai su can gefe inda sauran haƙora suke. Ta daɗe tana taunawa.

"Ita ce?"

"Ya yi ƙanana," in ji ta. "Ya sha wahala." Ta sake taunawa. "Shi ne. Ko ɗansa ne. Sai an yi tuwo za a sani."

"To a yi tuwon mana."

Ta juyo da fuskarta inda muryata take. "Har yanzu cikinka ne a gaba?"

'Yarta ta fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Mama ta sa aka kawo faranti ta murje duka bakwai ɗin da kanta. Bai fi cikin tafi biyu ba. Ta raba da gefen hannu, ta shafa wannan ta shafa wancan ta daidaita. Ta ce a kawo mata toka da ƙaramar tukunya. Ɗaya kason ta tura gabana.

"Wannan na ƙasa. Ni ba gona, ba ido. Kai kana da bayan gida. Wannan kuma na tukunya, ba ruwanka da shi, ko ka zo da Oganka."

Na miƙe zan tafi ta ce, "Ruwa nawa?"

"Uku, Mama."

"Hannu fa?"

"Har gwiwa."

"Ba naka gajeren ba. Nasa." Ta nuna a damtsena inda nasa zai kai. Sannan ta ce, "Sauka lafiya, Malam Balan-balan."

Yanzu da nake rubuta wannan bazara ce. Irin yana cikin kwalba a ɗakina, kuma kason da ta ba ni ma na raba shi biyu, maiɗakina ta ɓoye ɗaya inda ta ce ko na rantse ba za ta nuna mini ba. Ruwa ya sauka sau biyu. Maƙwabta duk sun shuka masara, wayoyinsu sun gaya musu damina ta kama. In sun wuce suna tsokanata, wai tsohon ma'aikacin yanayi ya fi kowa tsoron sama. Jiya wani ya tsaya ya ce, "Baba, kai da ka san abin, mu ƙara shuka ko mu dakata?" Na ce masa ban sani ba. Ya ɗauka rowa nake.

Ɗazu bayan la'asar na fita bayan gida na tona. Na zura hannu, na zaro, na duba. Da saura wajen yatsa huɗu kafin inda Mama ta nuna. Gabas ta haɗe tun azahar, iska ta fara kwasar ledoji. Na mayar da ƙasar na rufe ramin, na zauna a kan bulo, kwalbar tana aljihuna ban buɗe ba.